Highlander 2008 tana shan mai fiye da ƙima, ta ina zan fara?

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san mota, musamman masu jip da kanikawa.

Motata Toyota Highlander ce ta 2008, mai silinda shida, inji 3.5, irin wadda tayoyinta huɗu duk ke ja. 'Yar Amurka ce, ta Kwatano ta shigo, a hannun wani na saye ta bayan ya ɗan mora. Tun ranar da na karɓi makulli na san za ta fi ƙaramar mota sha. Amma lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, in allura ta yi ƙasa sai dai in shiga gidan mai in ce a cika. Daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafi, lita ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta haura dubu. Yanzu abin da nake zuba wa motar nan a wata yana neman kamo kuɗin abincin gidana, kuma abin yana damuna ƙwarai.

A Kurna nake zaune, shagona yana Kantin Kwari. Da safe in ajiye yara a makaranta, in biyo titin Katsina in gangaro Ƙofar Mazugal in shiga kasuwa. Wanda ya san titin nan da ƙarfe bakwai da rabi na safe ya san abin da nake faɗa: adaidaita sahu ta ko'ina, ka matsa taku biyu ka taka birki. Da rana in fita in ɗauko yaran, in koma kasuwa, da yamma in sake afkawa wani cunkoson. Duk tafiyar gajera ce, sai jefi-jefi nake zuwa Kaduna ko garinmu.

Ina yi mata juye a kan lokaci. Kwanaki an canja mini fulogi, na kuma sayi ruwan wanke nozul na zuba a tanki, ban ga canji ba. Lafiyar inji kam alhamdulillahi, ba ta taɓa yi mini obahitin ba, allurar zafi ma kullum tana can ƙasa, fanka kuwa da na murɗa makulli take fara juyawa. Abin da kawai na lura shi ne bakin salansa ya yi baƙi ƙirin, in ka shafa yatsa sai ya fito da kunkunniya, da safe kuma in ta tashi har cikin gida ake jin warin ɗanyen fetur.

Shawarwari kam na sha su a bakin shago. Wani ya ce in cire indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, motar ta samu numfashi. Wani ya nuna mini wani maganaɗisu da ake ɗaurawa a tiyon mai. Wani ya ce in haƙura da esi, a Kano, a watan Afrilu. Yayana kuwa cewa ya yi in sayar in sayi Corolla in huta. Sayarwar ce ba na so, don mu bakwai ne a gida har da Hajiyarmu, kujerar baya ta uku kullum a buɗe take, hanyar garinmu kuma in damina ta sauka ƙaramar mota ba ta shiga.

To ta ina zan fara? Wanne ne gaskiya a cikin waɗannan, wanne ne ɓarnar kuɗi? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka.

Injiniyan Sharaɗa:

Wa'alaikumus salam Alhaji. Kafin ka sake ba wa kowa ko sisi, ka auna. Ba ka gaya mana kilomita nawa take yi da lita ɗaya ba, kuma saurin saukar allura ba awo ba ne, don allurar tanki ba ta sauka daidai wa daida, takan daɗe a sama sannan ta zube daga rabi.

Ka je gidan man da ka yarda da litarsa, a cika har famfo ya tsaya da kansa, kada ka bari yaron ya riƙa ƙara matsawa. Ka mayar da ƙaramar mitar tafiya sifili. Ka yi harkarka yadda ka saba, kada ka canja komai. In ta kusa ƙarewa ka koma wajen famfon nan ka sake cikawa, ka rubuta litar da ta ci. Raba tafiyar da litar, shi ke nan. Ka dai kula, tunda 'yar Amurka ce mitarta da mil take ƙirga, sai ka ninka da 1.6 kafin ya zama kilomita. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa, su ɗauka motarsu ta fi haka lalacewa.

Sannan ka san iyakar abin da za ka iya samu. Awon da hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba wa irin taka mai jan taya huɗu shi ne mil 17 a galan cikin gari, mil 23 a babbar hanya. A lissafinmu wajen kilomita 7 a lita cikin gari ke nan, kusan 10 a hanya. Wannan tana sabuwa, a titin da ba a san adaidaita sahu ba. Nauyin motar ya kusa tan biyu, duk tsayawar da ka yi ƙarfin da ka ƙona mai ka tara ya tafi a birki, tashi kuma sai an ƙona wani. A ganina in ka samu 6 zuwa 7 tsakanin Kurna da Kwari da esi a kunne, motarka lafiya take, sai ka koma kan tuƙinka. In ka ga 5 ko ƙasa da haka, akwai cuta.

Maganaɗisun nan ka bar musu abinsu. Fetur ba ƙarfe ba ne da maganaɗisu zai yi masa wani abu. Ita hukumar da na ambata ta gwada na'urori sama da 100 da ake cewa suna rage shan mai, ba ta samu wadda ta yi wani abin a zo a gani ba.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:

Alhaji ranka ya daɗe, ai ka riga ka faɗi cutar da bakinka, a wurin da kake yabon motar ma ka faɗe ta. Allura kullum a ƙasa, fanka na tashi tare da makulli, salansa baƙi, warin ɗanyen mai. Ban ga motar ba, amma zan yi mamaki in akwai tamostat a cikinta.

Tamostat wani ɗan ƙarfe ne mai sifirin, yana zaune inda tiyon lagireto ya shiga inji. In inji na da sanyi a rufe yake, ruwa na zagaya cikin injin kawai har ya kai wajen digiri 82, sannan ya buɗe ya bar shi ya wuce lagireto. A garin nan da mota ta iso daga Kwatano abin da ake fara yi shi ne a zare shi a jefar, a haɗa fanka dairek, a ce wai don ƙanƙarar Turai aka yi shi. Duk wanda ya je Umara ya ga irin motocin nan a Makka da Madina, inda zafi ya fi namu, kuma da tamostat ɗinsu suke yawo. Ba zafin gari yake kallo ba, zafin inji yake daidaitawa.

Ga yadda yake cin aljihunka. Birenbos, kwamfutar da ke auna wa inji mai, tana da sensa a cikin ruwa. Muddin sensan na gaya mata inji bai ɗumama ba, za ta ci gaba da ƙara mai, kamar dai ka tayar da janareta ka bar shi a cok. Mota mai tamostat cikin 'yan mintuna ta kai zafinta, allura ta tsaya kusa da tsakiya, mai ya koma daidai. Taka kuwa, ga tamostat babu, ga fanka na hura lagireto tun daga ƙofar gida, ga tafiyar gajera. Da wuya in tana kaiwa zafinta kafin ka isa Kwari, balle da hunturu. Giyar ma ba ta yarda ta shiga ta sama da wuri in inji na da sanyi. Man da bai ƙone ba shi ne baƙin da kake shafowa a salansa, wani kuma yana gangarawa ta jikin silinda ya tsinka baƙin mai, inji na cinyewa a hankali ba ka sani ba.

Amma kada ka ce kawai a mayar. Sau da yawa abin da ya sa aka cire shi tun farko lagireto ne ya toshe da tsatsa, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, aka rufe matsalar da cire tamostat. A duba waɗannan tukuna, a wanke lagireto, a sa tamostat na asali, a mayar da fanka kan layinta yadda birenbos ce za ta kunna ta in buƙata ta taso. Rewaya mai haƙuri ake nema a nan.

Na biyu, gobe da safe ka murɗa makulli wutar dashbod ta kama, kada ka tayar. Nemi hoton inji mai ruwan ɗorawa. Dole ya kama a lokacin, sannan ya mutu in mota ta tashi. In bai kama ba sam, an cire ƙwan ko an liƙe shi da baƙin tef kafin a sayar maka, kuma ana yi. Ko ya kama ko bai kama ba, a sa mata kwamfuta a karanta. Injin nan sensa huɗu gare shi a layin hayaƙi, biyu kafin indomi, biyu bayansa. Na gaban su ne ke gaya wa birenbos ko haɗin ya yi daidai, wato iska kashi 14.7 ga mai kashi ɗaya. In ɗaya ya mutu mota ba ta tsayawa, lafiya lau za ta yi ta tafiya, sai dai ta sha mai ba lissafi. Akwai kuma sensan iska a bayan filta, ƙurar hunturu na lulluɓe shi, musamman in filtar jabu ce ko an hura ta da iskar mai faci har ta yage. Da feshinsa na musamman ake wanke shi, ba a taɓa siririyar wayar cikinsa da hannu.

Maganar indomi kuwa, Alhaji ka riƙe abinka. Cire shi ba ya rage shan mai sai in ya toshe, kuma in ya toshe za ka sani, don ko gadar sama ta Ƙofar Nassarawa za ka ji tana hawa da ƙyar, ka taka totur ta ƙi amsawa. Akwai ƙarafa masu daraja a cikinsa, ana sayensa da tsada, shi ya sa masu ba da shawarar cirewa suka yi yawa. Ka tambayi mai cewa a cire ina za a kai wanda aka ciro. Abin da ke kashe shi ma ai shi ne ɗanyen man da motarka ke turawa yanzu, don haka kada ka ja lokaci.

Ka ce an canja fulogi. Guda nawa? A injin nan uku ne a gaba, kana buɗe bonet ka gan su, ukun baya kuwa suna ƙarƙashin manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, sai an kwance shi ake kai musu, aiki ne na awanni. In a tsaye ka jira aka gama cikin ɗan lokaci, to na gaba aka canja. Na asalinsa na iridiyam ne, littafin motar ya ba shi mil 120,000, amma jabunsa ya cika gari, kwali iri ɗaya.

Baƙin mai: dubi murfin da ake zubawa, an rubuta irin wanda injin ke so. In mai kauri ake zuba maka, irin 20W-50, a koma wanda aka rubuta. Ribar fetur a nan kaɗan ce, kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, amma injin nan yana da ƙananan hanyoyin mai da ba sa son kauri.

In ka dawo gida yau kuma, ka zagaya ka kara hannu kusa da kowane wili. In ɗaya ya fi 'yan'uwansa zafi sosai, birkinsa na riƙewa, kana jan mota da birki a take.

Tsohon Direba:

Oga bakanike ya gama magana a kan inji, Allah ya ƙara basira. Ni ta ƙafa zan yi, don na tsufa a kan sitiyari tsakanin Kano, Kaduna da Abuja, kuma na ga mota ɗaya, hanya ɗaya, direba biyu, ɗaya ya dawo da saura a tanki ɗaya ya tsaya ƙari a Zariya.

Ɗana, a cunkoso kada ka riƙa kallon bayan motar da ke gabanka, ka kalli mota ta huɗu ko ta biyar. In ka hango danja ta yi ja, ko ka ga an fara taruwa a shataletale, ɗage ƙafa tun daga nesa ka bar ta ta gangara da kanta. Motocin zamanin nan in ka ɗage ƙafa tana cikin giya tana gudu, kwamfuta yanke mai take yi gaba ɗaya. Shi ya sa masu jefa ta a firi a gangara ba riba suke ci ba, a firi dole a ba inji mai don kada ya mutu, ga haɗari ga wahalar da giya. Tashi kuma a hankali. V6 akwai daɗin takawa, na sani, in ka ba ta wuta sai ka ji kujera ta riƙe ka, amma duk wannan daɗin da lita ake biyansa. Ɗan adaidaita zai shige gabanka in ka bar tazara, ka bar shi ya shige, a danja ta gaba za ka same shi.

A babbar hanya, daga 80 zuwa sama iska ce ke cin mai, jip kuma ƙirji gare ta. Ka riƙe ta tsakanin 90 da 100 a hanyar Zariya. Wanda ya yi 130 bai fi ya riga ka da ɗan lokaci ba, kuma shingen bincike ɗaya ya ishe ku haɗuwa. In akwai kariyar ɗaukar kaya a saman motar ba ka ɗora komai, kwance ta ka ajiye sai ranar tafiya gida.

Ɗumama mota da safe, a kunna a koma ciki a sha shayi, wannan na zamanin kafireto ne. Ka tayar, ka ba ta kamar rabin minti, ka fita a hankali, a tafe ta fi saurin ɗumama.

Sai taya. Akwai takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba, an rubuta iskar da ake so, ita za ka bi, ba lambar da ke jikin taya ba, waccan iyakar abin da tayar ke ɗauka ce. Ka sayi geji naka ka ajiye a mota, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi. Taya mai ƙarancin iska tana jan mai. Masu faci kuma sukan ɗura 45 ko 50 su ce haka ya fi gudu. Kada ka yarda, tsakiyar taya zai cinye, birki ya rage kamu, kana ɗauke da iyali a kwaltar bazara.

Maman 'Yan Biyu, Rijiyar Zaki:

Sannunku da ƙoƙari. Alhaji ni CR-V nake ja, ba ta kai taka sha ba, amma akwai abin da ban ga an taɓo ba, kuma ka ambace shi: ɗauko yara da rana. Ka je ƙofar kowace makaranta kafin a tashi ka gani, motoci a jere, gilas a rufe, inji na aiki, kowa na danna waya cikin esi. Mota a tsaye tana cin lita ɗaya zuwa kusan biyu a awa, gwargwadon girman inji da ko esi na kunne, naka kuma babba ne. Wannan man ko taku ɗaya bai kai ka ba. Ni yanzu in na isa da wuri kashewa nake yi, in nemi inuwa in zauna.

Abin da ya fi rage mini kashe kuɗi ma ba a jikin motar yake ba. Mun haɗa kai da maƙwabciyata da yaranmu ke makaranta ɗaya, ni in kai da safe, ita ta ɗauko da rana. Kai da kake da kujera bakwai ai har ka fi mu samun abokan haɗi. Fitar ranar nan taka, daga Kwari zuwa makaranta zuwa gida zuwa Kwari, a tsakiyar zafi da cunkoso, ina jin ita ce mafi tsada a duk yininka.

Esi kam ba zan ce ka kashe ba, wanda ya ce haka bai ɗauko yara da ƙarfe biyu a watan Afrilu ba. Sai dai in motar ta sha rana, ka sauke gilasai ka fara tafiya zafin ya fice tukuna, sannan ka rufe ka kunna, ka danna maɓallin da ke juya iskar ciki. Ka sa abin tare rana a gilashin gaba in za ka ajiye ta.

Ka leƙa but ɗinka ma. Na san 'yan Kwari, da wuya a rasa dila ko bandir na wani kwastoma da ke kwana a mota. Sannan da kanka za ka riƙa shan mai, ka sauko ka ga mita ta koma sifili kafin a fara zubawa.

Matashin Hotoro:

Duk wannan kwana-kwana ne. Alhaji ka mayar da ita gas kawai ka huta, CNG, wato iskar gas da ake matsewa a tukunya, ya fi fetur araha nesa ba kusa ba, gwamnatin tarayya ma tun 2023 ta kafa shiri a kansa.

Injiniyan Sharaɗa:

Ƙanina, araha kam gaskiyarka ne, amma akwai abin dubawa. Kafin ya kashe kuɗin juyawa, ya fara sanin inda zai riƙa sha a kusa da hanyarsa da irin layin da ake yi a wurin, don in sai ya tsallaka gari ya yi awa yana jira, riba ta ragu. Wadatar gas a Kano tana rataye ne da bututun da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614. Sannan tukunyar a baya ake ɗaura ta, shi kuma kujerar baya ta uku ce dalilin riƙe motar. In ma zai yi, sai a wurin da aka amince da su, da tukunyar da aka ƙera don wannan aiki, domin matsin da ke cikinta ya kai 200 a ma'aunin matsin iska na "bar". A birnin Benin na jihar Edo a 2024 wata tukunya da aka haɗa da walda ta fashe a wajen ɗura gas, mutane suka jikkata. Kuma injin da ba ya kai zafinsa ko an sa masa gas sai ya ba da matsala, don da fetur yake tashi, sai ruwa ya ɗumama yake komawa gas. Gyaran da Oga ya faɗa ne farko ko ta wace hanya.

Ɗan Kurna:

'Yan'uwa na dawo da bayani, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya.

Na bi maganar Injiniya na auna kafin a taɓa komai. Mil 190 ta yi, na cika ta ci lita 62. In an ninka an raba, ko kilomita 5 a lita ba ta kai ba.

Oga bakanike, Allah ya ƙara maka ido. Ina tsaye aka kwance tiyo, gidan tamostat fayau, babu komai a ciki sai jan tsatsa. An bi wayar fanka aka samu an yanke ta an haɗa da wata an naɗe da tef. Wutar inji ta dashbod ba ta kamawa, da aka buɗe aka ga an liƙe ta ta ciki. Da aka sa kwamfuta ta nuna sensa ɗaya na gaba ya mutu. Fulogin baya ukun da aka ciro, bakinsu ya cinye ya yi baƙi, ko kusa ba su yi kama da na gaba ba. Ruwan da ya fito daga lagireto kuwa ja ne jawur. An wanke shi, an canja murfi, an sa tamostat da sensa da fulogi, an juye baƙin mai an zuba wanda aka rubuta a murfi. Indomi yana nan, an ce bai toshe ba. Kuɗi sun tafi ba kaɗan ba, sensan ne ya fi tsada, amma na ga abin da aka saya da idona.

Awon da na yi bayan gyara ya ba ni kilomita 6 da ɗan ɗoriya a lita, a hanyar nan dai ta kullum, esi a kunne. Warin fetur na safe ya ɗauke. Maman 'Yan Biyu, na yi magana da maƙwabcina, shi zai riƙa ɗauko yaran da rana ni in kai da safe, kuma na sauke kayan da ke but. Baba direba, ƙafar ce har yanzu nake koya mata haƙuri, na sayi geji kuma. Gas na ajiye maganarsa tukuna.

Tambaya ɗaya ta rage mini Oga. Yanzu allurar zafi tana hawa ta tsaya dab da tsakiya, fanka kuma sai ta yi shiru ta tashi, ta yi shiru ta tashi. Jiya a cunkoson Ƙofar Mazugal idona na kanta gabana na faɗuwa. Haka ya kamata ta kasance? Kuma wane ruwa zan riƙa ƙarawa?

Bakaniken Ƙofar Ruwa:

Haka ake so Alhaji, nan ne mazauninta. Muddin ta tsaya a wurin ba ta wuce ba, ko a cunkoso ko a hanya, kada ka damu, tashi da tsayawar fanka kuma aikinta ke nan. In ka ga ta haura tsakiya tana neman ja, ka gangara gefe ka kashe, kada ka buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan zai watso maka.

Ruwa kuwa kada ka zuba na rijiya ko na burtsatse, shi ke haifar da tsatsar da ka gani. Ka nemi ruwan lagireto na asali mai ruwan hoda, wanda aka riga aka haɗa, shi aka yi wa injin. A makon nan kowace safiya kafin ka tayar ka dubi robar ajiyar ruwa da ke gefe, don bayan irin wannan aiki iskar da ta maƙale takan fita ruwa ya ɗan sauka, sai ka cika zuwa layin sama. In ya ci gaba da sauka bayan mako guda, akwai inda yake yoyo, ka mayar wa wanda ya yi aikin ya duba bakin tiyo da famfon ruwa.